Yabon Juriya Ba Ya Tayar da Inji a Sharada

Matakin da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗauka ranar 3 ga Afrilu 2024, na ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga kusan naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, ya ginu ne a kan wani ra'ayi da ya daɗe yana yawo a bakin jami'ai da masana tattalin arziki, cewa ƙananan masana'antu Allah Ya hore musu juriya, duk masifar da ta auka musu za su miƙe da ƙafarsu. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma kuskure mai cutarwa, domin da shi ake wanke hannun duk wanda ya kamata ya ɗauki alhaki.

Abin da ake nufi da juriya a fagen sana'a shi ne masana'anta ta sha bugu, ta koma aiki ba tare da ta taɓa jarinta ba. Abin da ke gudana a Sharada da Challawa da Bompai, unguwannin masana'antu na Kano, wani abu ne daban: mai narka roba yana sayar da inji ɗaya don ya zuba wa na biyu dizal, mai casar shinkafa yana sallamar rabin ma'aikatansa, majemi yana karɓar bashi a kan bashi don kada fatar da ya jiƙa ta ruɓe. Wanda ya kalli ƙofar da ba a rufe ba ya ce sana'a tana raye, bai duba abin da aka cinye kafin a buɗe ta ba.

Watan Oktoba na 2024 ya isa shaida. Bayan an lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, sai layin Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya samu matsala, Kano da galibin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Manyan kamfanoni suka tayar da janaretocinsu, suka ɗora kuɗin a kan kaya, amma masu walda da masu niƙa da masu ƙanƙara da teloli, waɗanda cinikin yau ne ke ciyar da su yau, suka zauna hannu rabbana. Waɗannan mutane kuwa su ne ƙashin bayan unguwannin da ke kewaye da masana'antun, domin daga ladan da suke biya kullum ne mai tuwo da ke bakin ƙofa take sayarwa, ɗan dako da mai kurar ruwa suke samun na cefane, adashi kuma yake zagayawa. Lokacin kullen korona a 2020, da lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, masu ƙananan sana'o'i ne suka riƙa ba da kaya bashi, suna lallaɓa yaransu da ɗan abin da ya samu, a daidai lokacin da banki ya ƙi sakin kuɗin masu shi. Al'ummar da ta farfaɗo, a kan wuyansu ta farfaɗo, amma duk sa'ad da aka shirya taron jawo masu zuba jari, baƙin da ba su da ko rumfa a Kano ake shimfiɗa wa darduma, a yi musu alkawarin fili da sassaucin haraji, mai ma'aikata goma a Sharada kuwa masu karɓar haraji iri-iri kawai yake gani a ƙofarsa.

Masu kare ƙarin kuɗin wutar suna cewa samar da wuta yana da tsada, dole mai sha ya biya. Wannan magana ba ta cancanci dogon martani ba matuƙar ana cajin kuɗin awa 20 a layin da mai sana'a ke ƙirga awanninsa da yatsun hannu.

Asalin ciwon ya girmi NERC. Tun da gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka gagari masu su, sa'annan aka bar atamfar waje ta fasa-ƙwauri ta cika kasuwar Kantin Kwari har masaƙun Bompai da Sharada suka rufe ɗaya bayan ɗaya, gine-ginensu da dama suka koma ɗakunan ajiyar kayan da suka kashe su. A wancan lokacin ma an ce masu ƙarfi za su tsira. Legas tana da bututun iskar gas daga Escravos tun 1989, Kano kuwa sai a watan Yunin 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, aka yi ta ɗage ranar kammala shi. Auna masana'antar da ke ƙona dizal da wadda ke samun gas a ƙofarta, sa'annan a ce ta farkon ba ta iya gasa ba, zalunci ne tsagwaronsa.

Gwamnatin jihar Kano ma ba ta da mafaka. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakokinsu, madatsun ruwan Tiga da Challawa kuma suna nan, an kwashe shekaru ana maganar wutar da za su bayar. Duk abin da suka samar, haƙƙi ne a ja layinsa kai tsaye zuwa unguwannin Sharada da Challawa da Bompai, a kafa asusun rance marar ruwa da mai sana'a zai samu cikin makon da masifa ta auku, a kuma dakatar da karɓar haraji a duk watan da wuta ta ɗauke fiye da kwana bakwai.