Ɗan kasuwa, lambar SMS kaɗai ba za ta tsare maka WhatsApp ba

Jama'a, marina na Ƙofar Mata da 'yan Kantin Kwari, yanzu rabin cinikinku a WhatsApp Business yake. Amma yawancinku makulli ɗaya gare ku, wato lambobi 6 ɗin nan da ke shigowa ta SMS. Ɗan damfara ya kira ka da daɗin baki, ka karanto masa su, shi ke nan ya shige. Kuma ba kai zai fara cuta ba, kwastomominka zai tura wa lambar asusunsa da sunanka, kai a bar ka da rantse-rantse.

Shiga Settings, Account, sai Two-step verification, ka sa PIN mai lamba 6. Don Allah banda 123456 ko ranar haihuwa. Ka sa imel ɗinka ma, kar ka tsallake. In ka manta PIN babu imel, kwana 7 za ka jira.

Yaron shago fa? Kar ka ba shi. Haɗa wayarsa ta Linked devices, ranar da ya bar aiki ka cire ta. Mu masu gyara ma, canza sikirin bai buƙatar wannan PIN ɗin. Wanda ya tambaya, karɓi wayarka.