Tseren motoci: tiya guda ga babba da ƙarami

Ƴan uwa ƴan kasuwa, maza da mata, kun fi kowa sanin cewa inda jari ya yi rinjaye, ƙwazo ba ya cika tasiri. Haka abin yake a babbar gasar tseren motoci ta duniya, wadda ake kira Formula 1. Shekara da shekaru manyan kamfanoni irin su Mercedes, Ferrari da Red Bull suna zuba kuɗi ba ƙidaya, wani ma fiye da dalar Amurka miliyan 400 a shekara, ƙanana kuwa suna shan ƙura a baya. Daga 2014 zuwa 2021 Mercedes ta ɗauki kofin kamfanoni sau 8 a jere. HRT ta rufe a 2012, Manor ta bi ta a 2017. Idan ana babbakar giwa, wa ke jin ƙaurin zomo?

Shi ya sa a 2021 hukumar FIA, mai kula da gasar, ta yanka wa kowa tiya guda: ba kamfanin da zai kashe fiye da dalar Amurka miliyan 145 a shekara, wato kusan miliyar 80 na kuɗin sefa. Albashin matuƙa da na manyan shugabanni uku ba su shiga lissafin. Ta kuma rage wa na gaba lokacin gwada mota a ɗakin iska, inda ake auna yadda take keta iska, ta ƙara wa na baya don ya taso.

Wasu za su ce kowa da kuɗinsa, ina ruwan hukuma? Amma ranar da mutum guda ya mamaye kasuwa, masu rumfuna suka watse, shi ma ba ya da kasuwa. Wa zai biya ya kalli tseren da an san mai ci tun kafin a tashi? Kuma an ga amfanin dokar: McLaren, wadda rabonta da kofin kamfanoni tun 1998, ta ɗauke shi a 2024, ta maimaita a 2025.

Inda nake da ja shi ne wajen hukunci. Red Bull ta zarce iyaka a 2021, shekarar da matuƙinta Max Verstappen ya ƙwace kofi daga Lewis Hamilton a zagayen ƙarshe na tseren Abu Dabi. Sai a Oktoban 2022 aka yanke mata hukunci: tarar dalar Amurka miliyan 7 da rage kashi 10 cikin ɗari na lokacin gwajinta. Ba a taɓa kofin ba, ba a kuma cire tarar daga kuɗin da aka halatta mata kashewa ba. A 2023 ta ci tsere 21 cikin 22. To, wane darasi aka koya wa na baya?

Duk mai saye da sayarwa ya san tara ba ta razana mai kuɗi. Sanya ta yake cikin kuɗin kaya, kamar kuɗin mota ko na dako, ya ci gaba da harkarsa. Ƙarami ita ke karya shi.

Saboda haka, tun da an ɗaga iyakar zuwa miliyan 215 a 2026 don an shigar da wasu kashe-kashen cikin lissafi, ya kamata hukuncin ma ya ƙara nauyi. Wanda ya zarce, a zabge masa ninkin abin da ya ci daga tiyarsa ta baɗi, a rage masa maki, a kuma gama bincike da wuri, ba sai an ci an sha an watse ba. Dokar da ba ta cizon babba, ƙarami kaɗai aka yi wa ita. Allah ya ba mu masu awo na gaskiya, amin.