A Kai Yaro Asibiti Kafin A Sa Shi A Motar Arewa

Duk wanda ya daɗe a zangon Hausawa na Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko kuwa Sabo ta Badun, ya san wannan labari, domin da wuya a sami layin da babu irinsa. Yaro ya kai shekara bakwai ko takwas, sa'o'insa da aka sa su makaranta rana ɗaya duk sun iya haɗa baƙi, shi kuwa ko sunansa bai iya rubutawa ba. A makarantar allo ya shekara bai wanke allo ɗaya ba. Ba ya iya zama wuri guda, in an aike shi sayen gishiri sai ya komo da ashana. Malamin boko ya yi bulala ya gaji, malamin allo ya yi ya gaji, uba ya taso daga kasuwar Mile 12 da dare ya ɗora nasa. Daga nan sai a yanke shawarar da aka saba, watau a ce zaman Kurmi ne ya lalata shi, a nemi direban da zai koma Arewa a damƙa masa shi, ya kai shi wurin kaka ko tsangaya.

Sau da yawa wannan shawara kuskure ce, kuma yaron ne yake biyan kuɗinta har ƙarshen rayuwarsa.

Likitoci sun daɗe da gane cewa akwai yaran da ƙwaƙwalwarsu take aiki ta wata hanya dabam. Akwai masu larurar rashin natsuwa da ƙiriniyar da ta wuce kima, wadda Turawa suke taƙaita sunanta da ADHD, kuma binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna kimanin yara 5 cikin 100 suna da ita. Akwai masu disleksiya, yara masu kaifin basira a magana da lissafin ciniki, amma haɗa harafi da sautinsa yana yi musu wuya ƙwarai. Akwai kuma masu otizim, wadda wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana cikin 1943: yaro ya makara wajen magana, ba ya son haɗa ido da mutane, ya riƙa maimaita abu ɗaya, ƙara kaɗan ta firgita shi. A zango sunayensu daban ne. Wannan daƙiƙi, wancan kangararre, na ukun kuwa a ce ɗan ruwa ne ko aljanu sun shafe shi.

Wasu daga cikin larurorin nan gado ne, ba laifin uwa ba ne balle na uba. Wasu kuwa suna da sanadin da aka sani: doguwar naƙuda da ta hana jariri numfashi a kan kari, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau da yakan bar yaro da kurumta, da shawarar jarirai. Ita shawara ta cancanci a tsaya a kanta, domin mata da yawa sun ɗauke ta abin wasa. Jaririn da idonsa ya yi ɗorawa cikin makon farko yana bukatar asibiti a ranar, inda za a sa shi ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske, in ba haka ba tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Kafur ɗin da ake zubawa cikin kayan jarirai yana tayar da ita ga wasu yara. Haka kuma ba a manta da gubar dalma ta Zamfara cikin 2010 ba, wadda ta kashe yara fiye da 400, ta bar waɗansu da raunin ƙwaƙwalwa. Masu sana'ar fasa tsofaffin baturan mota a cikin gida su lura, dalmar ɗaya ce.

Abin takaici shi ne, mutumin Arewa da yake zaune a Kudu yana kusa da asibitocin da suka fi daɗewa a kan wannan aiki a ƙasar nan. Asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba tun 1907 yake, yana kuma da sashe na yara da matasa a reshensa na Oshodi. A Abekuta akwai asibitin Aro, inda Dokta Adeoye Lambo ya fara cikin 1954 wani tsari da duniya ta yaba, na ajiye marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyukan kewaye. A Jami'ar Badun akwai cibiya ta musamman ta lafiyar ƙwaƙwalwar yara, wadda Farfesa Olayinka Omigbodun ta yi jagorancin kafa ta. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko kuwa a Idi-Araba yake, maƙwabcin zangon Hausawa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Me ya hana zuwa? Kunya tana ciki, domin da an ambaci Yaba sai mutum ya ce shi ɗansa ba mahaukaci ba ne. Kuɗin mota da na kati da asarar cinikin yini guda suna ciki. Amma babban shinge shi ne harshe, kuma ta fuska biyu yake cutar da yaran zango.

Ta farko, yaron zango da Hausa yake tashi a gida, Yarbanci a titi, Turanci a makaranta, Larabci a allo. Saboda haka in ya makara wajen magana ko ya kasa karatu, kowa sai ya ce harsuna ne suka yi masa yawa, a jira zai warware. Masana sun tabbatar cewa jin harsuna da yawa ba ya jawo larurar magana. Ƙannensa ma ai harsunan nan huɗu suke ji, ga su suna surutu. Jiran nan yakan cinye shekarun farko, waɗanda su ne horo ya fi kamawa a cikinsu.

Ta biyu ta fi muni. Ba a gane irin waɗannan larurori da gwajin jini. Likita tambaya yake yi: yaya aka haife shi, ya yi kuka nan da nan, yaushe ya zauna, yaushe ya yi tafiya, yaushe ya ce mama, ya taɓa jijjiga, yana ɗauke wuta na ɗan lokaci yana kallon wuri ɗaya? Uwa ce kaɗai ta san amsoshin nan. To amma ita aka bari a gida, uban da yake fita da asuba ya komo bayan lisha shi ne ya je, yana amsawa da guntun Turancinsa. In ma ta je, babu tafinta. Likita ya rubuta abin da ya fahimta, a koma gida a ce asibiti ba su ga kome ba.

Ya kamata iyaye su san abin da za su tarar, don kada su zaci allura ɗaya za ta gama aiki. Za a gwada ji da gani tukuna, domin yara da yawa da ake kira daƙiƙai allon aji ne ba sa hange, ko muryar malami ce ba ta kai musu. In ana zaton farfaɗiya za a yi awon ƙwaƙwalwa da na'ura. Za a nemi bayanin malamin makaranta. Bayan haka sai horo: masu koyar da magana, masu koyar da aikin hannu da kula da kai, da koya wa iyaye yadda za su riƙa ba da umurni ɗaya a lokaci ɗaya, su yaba in an yi daidai. Rashin natsuwa yana da magani da ake kira metilfenidet, amma likita ne kaɗai yake rubuta shi, yana da tsada, ba kuma kullum ake samunsa ba. Otizim ba ta da maganin da yake warkar da ita, sai dai horo yana sauya rayuwar yaro ƙwarai. Duk mai kyamis ɗin da ya ba da maganin barci don yaro ya lafa, cutarsa ya yi. Addu'a kuwa babu likitan da ya hana ta, ana haɗa ta da asibiti.

Ina motar Arewa take kai waɗansu daga cikin yaran nan? Cikin watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutane fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawansu yara, waɗansu da sarƙa a ƙafa. Kafin shekarar ta ƙare an sami irinsa a Badun. Akasarinsu iyaye ne suka kai su da hannunsu, da sunan gyaran hali. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu cikin Janairu na 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin masu larura, amma doka ba ta bin yaro cikin mota.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai ga mutane fiye da miliyan 200, na yara kuwa ƙalilan ne a cikinsu, saboda haka ba a sa ran asibiti ya biyo mutane zango. Aikin ya koma kan Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan gwari da 'yan shanu da 'yan canji. Su da suke tara kuɗin kai gawa gida da na belin wanda aka kama, ba za su kasa ɗaukar mace ɗaya ko biyu masu jin Hausa da Turanci ba, a riƙa biyansu, su raka iyaye mata asibiti ranar ganin likita. 'Yan matan zango da suka gama sakandare suna zaune a gida sun isa wannan aiki. Hukumomin asibitocin Yaba da Idi-Araba da Badun su ma ya kamata su ajiye tafinta a sashen yara, ko da yini ɗaya ne a mako, a sanar da ranar a masallatan zango bayan sallar Juma'a.