Ba Kowane Jini Ne Basir Ba

Mai karatu ya gafarce ni, amma a ganina lasifikar masu tallar maganin basir a tashoshin mota ta yi mana ɓarna. Wasu masu kukan basir, tsagewar dubura ke damunsu: bayan gida mai tauri ya yaga fatar wurin, sai raɗaɗi kamar yankan reza, da ɗigon jan jini. Tsoron zafi ya sa a riƙe, taurin ya ƙaru. Mu ma'aikatan ofis, masu wuni bisa kujera da shayi da burodi, ba mu tsira ba.

Isasshen ruwa, zogale, wake, gwanda da zama cikin ruwan ɗumi na minti 10 sukan warkar da yawancinta. In ta zarce mako 6, a ajiye kunya a ga likita, domin sankarar hanji ma takan zo da jini.