Wace Gasa Ce Babba a Idon Ɗalibi Mai Ninƙaya?

A wasannin Olamfik na Landan a 2012, wata Ba'amurkiya 'yar shekara 17, Missy Franklin, ta ci lambobin zinariya huɗu da tagulla ɗaya a ninƙaya. Bayan wata shida sai ga ta a gasar makarantun sakandare ta jihar Colorado, tana iyo da sunan makarantarta, Regis Jesuit. Wani zai ce wannan ci gaban mai haƙan rijiya ne. A ganina yarinyar ta fahimci wani abu game da gasa wanda manya kan manta.

A Amurka, ɗalibi mai ninƙaya yakan fuskanci gasa iri biyu idan kakar wasa ta zo ƙarshe. Akwai ta makarantu, wadda ake kammalawa a matakin jiha, akwai kuma ta ƙungiyoyi a ƙarƙashin hukumar USA Swimming. Masu horarwa da yawa sun fi ɗaukaka ta biyun, kuma suna da hujja. Ninƙaya wasan agogo ne. Yawancin gasar makarantu a tafki mai tsawon yadi 25 ake yin ta, wato ƙasa da mita 23, alhali na Olamfik mita 50 ne. A gajeren tafki mai tseren ɗari yakan juya sau uku, kowace juyawa kuwa yana tokare bango da ƙafa ya sami ƙarin gudu. A dogon tafki sau ɗaya tak zai juya. Saboda haka lokacin da aka yi a gajeren tafki ba ya kai mutum Olamfik.

Duk da haka, a gasar makarantu ne ɗalibai suka fi zub da hawaye. Dalilin a fili yake. A can makin kowa na makaranta ne, wanda ya zo na takwas ma ya ƙara wani abu a asusun 'yan uwansa, kuma masu kallo su ne abokan aji da malamai da iyaye.

Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba. A Nijar, tun 1975 da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tahoua, takobi ne burin kowane ɗan kokowa. Akwai gasar ƙasashen CEDEAO, wadda ta fi faɗi a taswira, amma wanda ya ɗauki takobi shi makaɗa ke wasawa, shi jiharsa ke fita tarya. Darajar nasara tana tafiya ne da idon da ya shaida ta.

Abin da ya sa na ɗauko zancen daga nesa shi ne halin da muke ciki a nan Tampouy. Yaranmu ba su da zaɓin gasa biyu, domin ko ɗaya ba ta iso gare su ba. Wanda ya iya iyo, galibi a madatsun ruwan Wagadugu ya koya, a ɓoye, ba malami ba mai ceto, kuma kowa ya san abin da uwaye ke tsoro idan damina ta cika su. Tafkunan kirki mafi yawa na otal-otal ne, sai da kuɗin shiga. Hukumar ninƙaya ta ƙasa tana shirya gasarta, Burkina Faso kuma tana tura 'yan wasa Olamfik: Angelika Ouédraogo ta yi tseren mita 50 a Landan da Rio da Tokyo, ta gurbin da ake ware wa ƙasashen da ba su da wanda ya kai lokacin cancanta. Abin yabo ne. To amma ɗalibin sakandare a Zango, wanda bai taɓa ganin ɗan ajinsu ya hau dakalin tashi ba, me zai ja shi zuwa can?

Don haka nake ganin a ƙasa ya kamata a zuba ƙarfi. Muna da USSU-BF, ƙungiyar wasannin makarantu da jami'o'i, inda ƙwallon ƙafa da ƙwallon hannu da guje-guje suka fi tashe, kuma duk wanda ya ga yadda ɗalibai ke cika fili ranar wasan makarantarsu ya san zafin kishin da ke wurin. Wannan kishin ninƙaya ke bukata. Makarantu huɗu ko biyar na unguwa ɗaya za su iya haɗa kuɗi su yi hayar tafkin otal na yini guda, ko da gajere ne, a saka tseren ba-ni-in-ba-ka na mutum huɗu domin maki ya zama na kowa. Masu horarwa za su ce lokacin da aka ɗauka da agogon hannu ba ya shiga kundin hukuma. Gaskiya ne, sai dai yaron da ya ci a gaban mahaifiyarsa shi ne zai tambayi hanyar gasar ƙasa baɗi.

Sai kuma a kula da kalanda. Jarrabawar BEPC da ta BAC a ƙarshen shekarar karatu suke, daga watan Yuni, kuma ba uban da zai saki ɗansa zuwa tafki a lokacin. A sa gasar a Afrilu, sa'ad da zafin Wagadugu ke kora kowa neman ruwa.