Ƙwallon dattawa: Abin da masu jinyar sankarar mafitsara a arewacin Zamfara ke rasawa

Sankarar furostet, wadda aka fi sani da sankarar mafitsara, ita ce cutar dajin da ta fi kama maza a Najeriya. Tana farawa ne daga wani ƙululu da ke ƙarƙashin mafitsara, kuma ta fi addabar waɗanda suka haura shekara 50.

Ga dattijon Kaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi, neman magani kaɗai tafiya ce mai nisa. Daga babban asibitin garinsu a tura shi Asibitin Tarayya na Gusau, wani lokacin har asibitin koyarwa na Sakkwato ko na Shika a Zariya. To amma idan ya dawo gida fa?

Yawancin masu cutar ana yi musu allurar rage sinadarin mazakuta, ko a cire 'ya'yan maraina, domin da wannan sinadari cutar ke ƙaruwa. Maganin yana danne ta, sai dai yana zaftare tsoka, ya raunana ƙashi, ya kawo teɓa da kasala. Ga kuma kunyar yoyon fitsari da raunin kusantar iyali, da ke sa magidanci ya ƙaurace wa majalisa.

A ƙasar Denmark, masu bincike sun gwada magance wannan da ƙwallon ƙafa. A wani nazari da aka wallafa a 2014, maza masu shan irin wannan magani sun yi atisaye na mako 12, aka kuma ga tsokarsu ta ƙaru. Wani da ya biyo baya a 2019 ya ƙunshi maza 214, inda waɗanda suka dage da zuwa fili suka fi samun kwanciyar hankali. A Ingila ma hukumar NICE ta ba da shawarar motsa jiki ƙarƙashin kulawa sau biyu a mako, na tsawon mako 12.

Sai dai Zurmi ba Denmark ba ce. A da, noma da zuwa kasuwa a ƙafa ko a keke su ne motsa jikin dattijo. Yau 'yan bindiga sun raba mutane da dama da gonakinsu, hanyar Kaura zuwa Shinkafi kuma sai da addu'a. Sannan a al'ada, ganin mai furfura da gajeren wando yana bin ƙwallo abin magana ne.

Akwai kuma haɗari na gaske. Da yawa ba sa zuwa asibiti sai cutar ta kai ga ƙashi, inda ƙaramar faɗuwa kan jawo karaya. Don haka ba a farawa sai da izinin likita.

Duk da haka, abin bai buƙatar kuɗi mai yawa. Ƙwallon tafiya, wadda aka fara a Ingila a 2011, ba a gudu a cikinta. Filin makarantar firamare a cikin gari ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura ya wadatar. Ko tattakin rukuni bayan sallar asuba mafari ne.

Abin da ya rage shi ne asibitocin Gusau su riƙa sallamar majinyaci da rubutaccen tsarin motsa jiki, limamai da hakimai kuma su nuna cewa fitowar dattijo fili ba zubar da girma ba ne.