Raƙumin Dawan Kure da Shaidar Ƙwayoyin Halitta

Tun daga 1758, lokacin da Carl Linnaeus ya tsara sunayen dabbobi, masana sun fi dogara da ido wajen rarrabe halittu, suna duba ƙira da launi da ƙashi. Amma kama da wane ba wane ba ne. An daɗe ana ɗaukar raƙuman dawan Afirka a matsayin jinsi ɗaya, sai a 2016 binciken ƙwayoyin halitta ya nuna jinsi huɗu ne, kuma a 2025 ƙungiyar IUCN mai kula da kare halittu ta amince da haka. Ina ganin wannan gyara ya dace, domin sunan da aka ba dabba shi ke yanke irin kariyar da za ta samu.

Mu dubi Kure, kusa da Yamai a Nijar. A 1996 raƙuman dawa 49 kacal suka rage a can, yanzu sun haura 600. A da ana zaton irinsu na nan a gidajen namun daji na Turai, to ko sun ƙare a daji akwai abin komawa. Gwajin DNA na 2007 ya rushe wannan zato, ya tabbatar cewa na Turai 'yan reshen Kordofan ne, dangin na Chadi da Kamaru. Ashe na Nijar ba su da madadi a duniya. Haka nan, idan aka dunƙule raƙuman dawa wuri guda an haura dubu 100, amma jinsin arewa, ɗaya daga cikin huɗun, wanda na Kure ke ciki, bai kai dubu 10 ba. Ƙidayar dunƙule ce ta ɓoye hatsarin.

Masu suka na cewa idan kowane ɗan bambanci ya zama jinsi, rabe-raben ba za su ƙare ba, ga shi kuma giwar kurmi da giwar fili, da aka raba a 2021, suna haihuwa da juna inda suka haɗu. Wannan magana tana da tushe, shi ya sa bai kamata DNA ta yanke hukunci ita kaɗai ba. A raƙuman dawa ma sai da aka haɗa ta da awon ƙoƙon kai da nazarin koguna da tsaunukan da suka raba garkunan tun zamani mai nisa. 'Yar cuɗanya a kan iyaka ba ta shafe wannan doguwar rabuwa.

Don haka ya wajaba Najeriya da Nijar su ba jami'o'insu kuɗi da kayan aikin gwada namun dajinsu, daga giwayen Yankari a Najeriya zuwa raƙuman dawan Gadabeji a Nijar, tun kafin wani jinsi ya ƙare ba a san da shi ba.